Ciki da falo, tebur mai kujera shida

Jama'a, makon jiya na raka 'yan jere kai kayan ɗakin 'yar yayata. Gidan haya ne, ciki da falo, falon ƙafa 12 ne kowane ɓangare. Uban yarinya ya ci bashi ya sayi dogon teburin cin abinci mai kujera shida, tsawonsa kusan ƙafa 6, wato rabin falon ke nan. Da aka shigo da kujerun zama sai ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ƙarshe a tsakar gida teburin ya kwana, ga hadari ya haɗo.

Ni dai ra'ayina, in har dole sai an yi tebur a ƙaramin gida, a sa kafinta ya yi mai zagaye. Wanda faɗinsa ya kai mita 1 yana ɗaukar mutum huɗu ba takura. Ba shi da kusurwa, don haka za ka wuce ta gefensa ba ka bugi ƙugu ba, yaro mai tatata ma ba zai fasa goshi ba. In ƙafa ɗaya aka yi masa a tsakiya, ko baƙo ya zo sai a jawo kujera ta biyar, ba ƙafar tebur da za ta tokare masa gwiwa.

Kuma ai mu a zagaye muka tashi muna cin abinci. A shimfiɗa tabarma, a ajiye tiren tuwo a tsakiya, hannun kowa ya kai, kowa na ganin fuskar kowa.

Amma fa a faɗi gaskiya, mai zagaye ba ya lafewa jikin bango. In falon siriri ne mai tsawo, ƙaramin mai kusurwa huɗu ya fi shi. In kuma kun haura shida a gida, zagayen zai yi faɗin da zai cinye falon.

Iyaye, don Allah kafin a je wajen kafinta a tura wani ya auno ɗakin. A bar kamar ƙafa 3 tsakanin tebur da bango don a iya jan kujera. Daidai ruwa daidai tsaki. Har yanzu mijin yayata na biyan bashin teburin da amarya ba ta taɓa cin abinci a kai ba.

Allah Ya rufa mana asiri.