Hirar Mahaya Keke: Kaca da Baƙin Mai

Ran Asabar da ta wuce na yada zango a bakin tafkin Jabi, inda sababbin mahaya keke sukan huta. Wani ma'aikacin ofis, wanda likita ya umarta da motsa jiki, yana kukan ya sauya kaca sau biyu bana, alhali kullum sai ya tuttula mata baƙin mai.

"Ai man ne ke cinye ta, Yallaɓai," in ji wani saurayi.

Gaskiyar yaron. Ƙurar hunturu takan manne wa man, ta riƙa goge kaca da haƙoran da take hawa, kamar dutsen wasa wuƙa. Abin yi shi ne a wanke da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a share da tsumma.

Yallaɓai dai bai gamsu ba. Da kwalbar mansa ya tafi, ɗaure bayan sirdi.