Waiwaye: Kyaftin a Kan Benci

Duk majalisar da aka ɗauko zancen Super Eagles ta 1994, a Fagge ne ko a Tudun Wadar Kaduna, abin da ake fara tunawa ɗaya ne: Rashidi Yekini ya rungume raga a birnin Dallas yana ihu, bayan ya zura wa Bulgeriya ƙwallonmu ta farko a tarihin gasar cin kofin duniya. Daga nan sai wani ya kawo Amokachi, wani Finidi, wani Amuneke, kowa da gwaninsa. In ka ce wa ne ne kyaftin, baki ɗaya za a ce Stephen Keshi. To, wasa nawa ya buga a Amurka? Nan majalisa kan yi tsit. Cikin wasanni huɗu, na Girka kawai ya buga. A sauran, mai tsaron gida Peter Rufai ne ya ɗaura kambu. Shekaru da raunuka sun riga sun ci ƙafar Keshi, amma aka ɗauke shi aka tafi da shi, kuma babu wanda ya isa ya kira wani kyaftin alhali yana wurin.

Mu fara da mai gidan nasa. Clemens Westerhof ya zo mana daga Holan a 1989, ba kowa ya san shi ba ko a ƙasarsu. Gasarsa ta farko ta cin kofin Afirka a Aljeriya, 1990, masu masaukin baƙi suka yi mana biyar da ɗaya a wasan buɗewa. Da a yau ne, kafin gari ya waye an sallame shi. Aka bar shi, ya lallaɓa har wasan ƙarshe, inda Aljeriyar ta sake cin mu, amma ɗaya mai ban haushi. A 1992 muka zo na uku a Senegal. Shekara biyar yana gini.

Salon mutumin na fada ne. Yawancin aikin atisaye a hannun mataimakinsa Jo Bonfrere yake. Shi nasa ƙarfin shi ne bai yarda wani jami'in hukuma ya shiga tsakaninsa da bukatun 'yan wasansa ba. In an riƙe alawus ko an hana kuɗin sansani, ya san hanyar ofishin Augustus Aikhomu, mutum na biyu a gwamnatin Babangida. Ga shi da yawo, yana bin filayen cikin gida. A haka ya tsinto Daniel Amokachi daga Ranchers Bees ta Kaduna, yaro ɗan shekara 17, ya jefa shi cikin manya. Sai dai duk cika-bakinsa, Westerhof ya san iyakarsa. Akwai maganar da koci zai faɗa a ce masa "to, ranka ya daɗe", yana juya baya a watsar. Akwai kuma abin da ke gudana a ɗakunan otal bayan an kashe fitila, wanda Bature ba zai taɓa ji ba. Nan ne mulkin Keshi yake.

A gida ma haka abin yake. Faɗan uba yana da nauyi, amma yaro kan yi masa uzuri da cewa tsoho bai san zamani ba. Wanda ba ya kaucuwa shi ne na babban yaya, don tare kuke kwana, ya san inda ka je jiya, kuma shi ma an taɓa zane shi a kan laifin da yake hana ka.

Keshi kuwa an taɓa zane shi. A tsakiyar shekarun 1980, yana New Nigeria Bank ta Benin, hukumar ƙwallo ta dakatar da shi da wasu abokansa saboda jinkirin shiga sansani. Sai ya tsallaka Kwaddebuwa, ya buga wa Stade d'Abidjan da Africa Sports, daga can ya wuce Beljiyam, Lokeren sannan Anderlecht, daga bisani Strasbourg ta Faransa. Abin da aka yi don a karya shi ya zama hanya ga na baya. Duba yawan 'yan 1994 da suka bi ta Beljiyam: Siasia, Eguavoen, Rufai, Amokachi, Oliseh, Ikpeba. Gidansa ya zama masauki, har ga waɗanda ba 'yan ƙasarsa ba. Nii Lamptey na Ghana ya sha ba da labari da bakinsa yadda ya shiga Turai yana ƙaramin yaro a matsayin ɗan Keshi, ya zauna a wajensa har Anderlecht ta ɗauke shi.

Wannan ne muka manta. Mukan ce Keshi yana da kwarjini, shi ya sa ake ce masa Big Boss, kamar da shi aka haife shi. A'a, sayen sa ya yi, kuma tun kafin ranar bukata. Mutumin da ya tarbe ka a filin jirgi cikin sanyin da ba ka saba ba, ya ciyar da kai, ya raka ka wajen sa hannu don kada a cuce ka, in ya ja ka gefe ya ce yau ka yi son kai da ƙwallo, da wane baki za ka musa? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma fa sai daga bakin wanda ya taɓa taya ka ɗauka.

Yau a gidajen kallonmu, koci ne kaɗai abin shari'a. An ci, ya iya. An sha kashi, a kore shi. Kambun kyaftin kuwa mun mai da shi lambar yabo, a ba wanda ya fi suna ko ya fi albashi. Yaranmu sun san tsarin Guardiola filla-filla, amma ba su cika tambayar wa ke iya tsawata wa wa a cikin 'yan wasan ba.

Ranar 10 ga Afrilun 1994 a Tunis, muka haɗu da Zambiya a wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka. Duniya duk tana bayansu, don shekara guda ke nan da jirgi ya faɗi da 'yan wasansu a gaɓar tekun Gabon, Kalusha Bwalya ya jagoranci sabon zubi. Su suka fara cin mu. Westerhof ya yi kasadar sa Emmanuel Amuneke, wanda bai taɓa ƙwallo ba tun fara gasar, shi kuwa ya rama ya kuma ƙara. Keshi yana benci, Augustine Eguavoen ke da kambu. Amma ku tuna hotunan daren nan: kofin a hannun Keshi muka gan shi, yaran sun kewaye shi, babu mai ɓata rai. A watan ne FIFA ta sa Najeriya ta biyar a duniya, matsayin da ba mu sake jin ƙanshinsa ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce a nemo babban yaya kawai a huta. Bai tsaya ba. Tun a lokacin jaridu suna kiran manyan 'yan wasan da ke kewaye da Keshi "mafiya", ana zargin su ne ke faɗin wanda za a gayyata da wanda za a bari a gida. Ko an yi ƙari a zancen, abin da ya biyo baya a Amurka ya nuna bango ya tsage. Yekini, wanda ya ci biyar a Tunisiya, gwarzon Afirka na 1993, bai ƙara cin ko ɗaya ba bayan ta Bulgeriya, kuma an daɗe ana ta ƙorafin cewa wasu sun daina ba shi ƙwallo. Westerhof shi ma ya sha faɗa daga baya cewa kafin wasan Italiya ya so a sauya otal saboda baƙi sun yi yawa, 'yan wasa suka ƙi. Sauran kun sani. Ranar 5 ga Yuli, muna gaba da ƙwallon Amuneke, an ba Zola jan kati, saura minti biyu a tashi, Roberto Baggio ya rama, ya ƙara da fenareti a ƙarin lokaci. Westerhof bai ma dawo Legas tare da su ba.

Ni a ganina, ƙarfin da ya gina ƙungiyar shi ne ya juya mata. Muddin manya suna gyara ƙanana kuma suna gyara junansu, lafiya lau. Ranar da suka zama ƙungiya a cikin ƙungiya, wa zai gaya musu gaskiya? Koci ya riga ya ba su wuƙa da nama, yara kuma bashi ya rufe musu baki. Yekini mutum ne mai shiru, ba ya cikin kowane gungu, kuma irinsa ne ke fara shan wahala idan majalisar dattawa ta koma ta 'yan gani-kashe-ni. Ya rasu a Ibadan a 2012, da ƙwallo 37 da ya ci wa ƙasa, cikin kaɗaicin da har yau muke jin kunyar tunawa.

Masu bin Manchester United za su tuna nasu. Roy Keane ya fi Keshi zafi nesa ba kusa ba, kuma Ferguson ya yi shekaru yana cin moriyar zafin. Amma a 2005, bayan Middlesbrough ta yi musu huɗu da ɗaya, Keane ya zauna gaban kyamarar gidan talabijin na kulob yana caccakar abokan wasansa ɗaya bayan ɗaya. Ba a ma watsa hirar ba, duk da haka cikin makonni kaɗan ya bar kulob ɗin. Ƙila rabin abin da ya faɗa gaskiya ne. Wurin faɗar ne ya ɓata. Yau kuwa kowane ɗan wasa yana yawo da gidan talabijin nasa a aljihu.

Keshi ya dawo mana a matsayin koci a ƙarshen 2011, bayan mun kasa zuwa gasar Afirka ta 2012. Kafin nan ya kai Togo gasar duniya ta 2006, karon farko a tarihinta, sai saɓani da Adebayor da rashin nasara a gasar Afirka a Masar suka sa aka sallame shi kafin a tafi Jamus. Ya horar da Mali. Wato ya ɗanɗana ta ɗaya ɓangaren, ya ga abin da babban ɗan wasa ke iya yi wa koci. Shi ya sa abin da ya fara yi ya ba mutane mamaki: tsohon shugaban manya ya hana manya kafa gwamnati. Ya ajiye Odemwingie da Obafemi Martins, ya tafi gasar Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu da 'yan wasan gida shida, har da Gabriel Reuben na Kano Pillars, Amokachi yana gefensa a matsayin mataimaki. Odemwingie ya huce haushinsa a Twitter, mu ma da yawanmu muka taya shi, musamman da aka yi kunnen doki da Burkina Faso da Zambiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Joseph Yobo. Kyaftin ne, ya buga wasan farko, ya samu rauni, sai yaro Kenneth Omeruo ya riƙe gurbin tare da Oboabona, Keshi kuma ya ƙi taɓa abin da ke tafiya daidai. Yobo ya koma benci, mai tsaron gida Enyeama ya ɗaura kambu. Ba a ce ya ji daɗi ba, daga baya ma sun samu saɓani. Amma a cikin gasar bai tayar da ƙura ba. Sunday Mba, ɗan wasan gida, ya fitar da Kwaddebuwa ta su Drogba da Yaya Toure. Aka yi wa Mali huɗu da ɗaya, Ahmed Musa ya ci ta huɗun. Mba ya sake zura ƙwallo, wannan karon a ragar Burkina Faso, a wasan ƙarshe ranar 10 ga Fabrairun 2013. Ana dab da tashi Keshi ya sa Yobo a fili, shi ya karɓi kofi. Wanda aka taɓa yi wa kara a Tunis ya san yadda ake yi wa wani. Da wannan Keshi ya zama mutum na biyu, bayan Mahmud El-Gohary na Masar, da ya ci kofin yana ɗan wasa ya kuma ci yana koci.

Hukuma dai ba ta canza hali ba. Washegari Keshi ya ce ya ajiye aiki, aka lallashe shi, aka riƙa riƙe masa albashi na watanni, a Yulin 2015 aka kore shi. Sunday Oliseh ya gaje shi, mutumin da shi kansa aka raba da kambu aka hana shi zuwa gasar duniya ta 2002 bayan ya yi jayayya da jami'ai a madadin 'yan wasa a Mali. Sai ga shi a sansani a Beljiyam ya karɓe kambu daga Enyeama, wanda ya dawo daga jana'izar mahaifiyarsa, aka yi cacar baki a gaban yara. Enyeama ya bar buga wa ƙasa, Oliseh ma bai cika shekara ba. Keshi ya rasu a Benin a Yunin 2016 yana da shekara 54, bayan kwana uku Shuaibu Amodu ya bi shi.

Wanda aka miƙa wa kambun a daren rigimar nan namu ne, Ahmed Musa, a lokacin yana ɗan shekara 22. Da aka je gasar Afirka a Kwaddebuwa a farkon 2024, shi ne kyaftin, kuma har aka kai wasan ƙarshe bai taka fili ba, William Troost-Ekong ke jan yara. Mun yi ta gunaguni a gidajen kallo cewa an ɓata gurbi, an ɗauki mutum ya je yawon buɗe ido. Masu gunagunin nan, da yawanmu mu ne muka yi rawa a titi a 1994.