Shari'ar Hylton: Keken Doki Ya Biya, Gona Ta Tsira

A shekarar 1794 majalisar dokokin Amurka ta ɗora haraji a kan kekunan doki na hawa. Wani attajirin jihar Bajiniya, Daniel Hylton, ya ƙi biya, magana ta kai gaban Kotun Ƙoli. Hujjarsa ita ce kundin tsarin mulki ya ce duk harajin kai tsaye sai an kasafta shi tsakanin jihohi gwargwadon yawan jama'arsu, wannan kuwa ba a kasafta shi ba. Alexander Hamilton, tsohon ministan kuɗi, shi ya kare gwamnatin tarayya.

A watan Maris na 1796 alƙalai suka kayar da Hylton. Alƙali Samuel Chase ya kawo misalin jihohi biyu masu jama'a daidai, wannan da keke 100, waccan da 1,000. In aka kasafta, mai keke a jiha ta farko zai biya ninki goma na abin da takwaransa ya biya. A ganin alƙalan, harajin kai tsaye bai wuce iri biyu ba: kuɗin kai, wato lampo, da harajin ƙasa.

Ta fuskar lissafi kotu ta yi daidai. Amma tambaya ita ce: wa ya ci moriyar wannan katanga da aka gina wa ƙasa? Alƙali William Paterson, wanda da shi aka rubuta kundin a 1787, bai ɓoye ba: an sa sharaɗin ne domin kare jihohin kudu, masu bayi da manyan filaye. Kasaftawa aiki ne mai wuya, shi ya sa gwamnatin tarayya ba ta cika taɓa ƙasa ba. Ta yi a 1798, ta sake lokacin yaƙi da Ingila, daga 1861 kuma ba ta ƙara ba. Nauyin baitulmali ya faɗa kan kuɗin duwan da harajin kayan saye da sayarwa, wato kan ɗan kasuwa da mai saye.

Ko a 1895 wannan sharaɗi ne kotu ta riƙe ta soke harajin kuɗin shiga, sai da aka gyara kundin a 1913.

Saboda haka ɗan kasuwa da ma'aikaci su lura: rabon haraji tun wurin rubuta tsarin mulki ake yin sa. Wanda bai halarci rabo ba, shi ake bar wa ƙashi.