Wa Ya Ce Bakanike Ba Ya Buƙatar Takarda?

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin mutanenmu, daga Jangebe zuwa Talata Mafara, Bakura da Maradun: wai kanikanci a gareji ake koyonsa, zuwa kwalejin fasaha don a samo takarda kuwa ɓata shekara uku ne. Uba zai ce maka, "Takarda ce za ta kwance noti? Ai sai sifana." Daga nan sai a raba 'ya'ya gida biyu. Mai ƙoƙari a boko a tura shi neman digiri, wanda karatu ya gagara a damƙa shi hannun Oga a bakin tasha. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma kuskuren da ke cin kuɗinmu kullum ba mu ankara ba.

A da can maganar tana da madafa. Lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya cika hanyoyinmu da 504, gwanin bakanike da kunnensa yake aiki. Ya saurari injin, ya wanke kafireto, ya goge fulogi, mota ta tashi. Wannan zamani ya wuce. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta tsarin da kwamfutar mota ke adana bayanin matsalarta, Turai ma ta biyo baya, kuma waɗannan motoci ne ke shigo mana ta Legas da Kwatano. Corolla da Golf da Sharon da ke jigila tsakanin Gusau da Sakkwato, kwamfuta ce ke auna musu mai da iska. Idan fitilar gargaɗi ta kama, akwai lambar da ke jira a karanta da na'ura, kuma bayaninta a rubuce yake. Wanda bai iya karanta wannan ba, bai san zanen wayoyin mota ba, bai taɓa auna wuta da mita ba, abin da ya rage masa shi ne lalube: a sauya famfon mai, bai yi ba, a sauya fulogi, bai yi ba, a ce ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone. Kowane "bai yi ba" daga aljihun mai mota yake fita.

Ga abin da kowane direba a yankinmu ya sani. Mota na shigowa, abu na farko da ake ba shi shawara shi ne a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da an murza makulli, wai an yi su ne don ƙasar sanyi. Sai a cika lagireto da ruwan rijiya. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, an ƙera injin ne ya yi aiki a wani ƙayyadadden zafi. Idan bai kai wannan zafi ba, kwamfutar tana ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da ƙara masa mai. Ruwan rijiya kuma yana barin tsatsa da gishiri a hanyoyin ruwa. Sa'ad da litar fetur take ƙasa da naira 200 ana iya kawar da kai. Amma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, wannan rashin sani ya zama haraji. Mu ɗauka direban haya yana asarar lita ɗaya kacal a rana ta wannan hanya. A farashin naira 1,000, naira 30,000 ke nan a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Wannan darasi na aji ne, ana koyar da shi da allo da littafi kafin a taɓa injin, kuma Oga ba zai koya wa yaronsa abin da shi ma ba a koya masa ba.

Kada a ɗauka raina kanikawanmu nake yi. Na ga mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya sauke giya a kan yashi, da jak ɗaya da dutse biyu, ya mayar da ita kafin la'asar. Hannu irin wannan ba kwalejin da ke bayar da shi. Amma masu cewa koyon gareji kyauta ne ba su yi lissafi ba. Yaro zai shafe shekaru yana wanke noti a cikin fetur, ana aikensa sayen abinci da baƙin mai, ladansa ɗan kuɗin sabulu. Ranar da aka yaye shi, shaidarsa ɗaya ce: bakin Ogansa da mutanen garinsu. A zaman lafiya wannan ya isa. Mu kuwa ba a zaman lafiya muke ba. A watan Satumba na 2021, da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya, aka taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura, wa zai kawo gyara? Bakaniken da rashin tsaro ya kora zuwa Gusau ko Kano, inda ba wanda ya san Ogansa, daga ƙasa yake sake farawa, ko da ya yi shekara goma yana sana'ar. Mai takarda yana iya ninke ta ya sa a aljihu.

Kuma takardar tana buɗe ƙofofin da bakin Oga ba ya buɗewa. Wanda ya gama ƙaramar sakandare ya yi shekara uku a kwalejin fasaha yana rubuta jarrabawar NABTEB, ya fito da takardar NTC, wadda ake karɓa wajen neman gurbi a manyan makarantun fasaha. Ga ta Abdu Gusau nan a Talata Mafara, ga ta tarayya a Ƙauran Namoda. Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya tana ba da takardar gwajin sana'a mai mataki uku. Idan rundunar soja ta buɗe ɗaukar masu sana'a, irin waɗannan takardu take tambaya. Haka kamfanonin gina hanya, da ƙungiyoyin agaji masu tarin motoci, da cibiyoyin da ake buɗewa don mayar da motoci su yi amfani da iskar gas, aikin da ba mai hankalin da zai miƙa wa mai lalube, domin tukunyar gas ba ta yafe kuskure. Kuskuren iyaye shi ne suna auna takardar da ma'auni ɗaya: shin ta samar da aikin ofis? Idan ba ta samar ba, sai a ce ba ta da amfani. Alhali mai digirin da aka fifita ma yana nan zaune a majalisa yana jiran wannan aikin ofis ɗin.

Aikin kuwa ga shi a ƙofar gida. Madatsar ruwa ta Bakolori, da aka kammala a 1978, ita ke riƙe da noman rani na wannan yanki, kuma duk inda aka ce noman rani an ce injin ban-ruwa, da tarakta, da injin casar shinkafa, da motocin da ke kwashe amfani zuwa kasuwa. Duk ranar da aka ɗauki wani famfon dizal ko aka ja wata mota zuwa Sakkwato ko Kano don babu mai iya duba ta a nan, kuɗin Mafara ne ya tafi wani gari. A hanyoyinmu kuma, mota ta mutu da magariba a tsakiyar daji ba maganar kuɗi ba ce kawai.

Masu sukar takarda suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, ba kuma zan kauce mata ba. Akwai kwalejojin da ɗakin gwajinsu kango ne, injin ɗaya tilo na zamanin kafireto, babu wuta, babu na'urar bincike, ɗalibi ya fito da takarda bai taɓa kwance injin da hannunsa ba. Irin wannan takarda yaudara ce, kuma duk Ogan da ya yi wa mai ita dariya yana da gaskiya. Sai dai wannan laifin masu riƙe da kuɗin ilimi ne, a kansu ya kamata fushinmu ya sauka. Haka kuma ba zan ga laifin uban da ke tsoron tura ɗansa makarantar kwana ba. Mutanen Jangebe ba su manta daren 26 ga Fabrairu, 2021 ba, da aka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandaren kimiyya, 279 suka dawo bayan kwana huɗu.

Shi ya sa nake ganin hanyar da ta dace da mu ita ce wadda aka gwada a Kaduna. Farfesa Idris Bugaje, tun yana shugabantar Kwalejin Fasaha ta Kaduna har ya koma hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ya matsa a jawo masu sana'ar kasuwar Panteka, a gwada abin da suka riga suka iya, a cike musu giɓi, a ba su takardar ƙwarewa ta ƙasa. Ba a ce su rufe shago su koma aji ɗaya ba. Gwamnan Zamfara Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023. To, a sa wannan a ciki: ajin jeka-ka-dawo a Talata Mafara, da injin zamani da na'urar bincike da malamin da ya iya su, yaran gareji su zo da safe su koma bakin aiki da rana, Ogoginsu kuma a gwada su a ba su tasu takardar. Ƙungiyar kanikawa ta NATA ta san kowane gareji da yawan yaran da ke cikinsa, da ita ya kamata a fara zama.