An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

'Yan'uwana ɗalibai, a hutun da ya wuce na je gida Rano, na tarar an zaunar da wani ƙanena a gindin darbejiya ana yi masa shari'a. Yaro ne ɗan shekara 16, yana da ɗan faranti a ƙofar wata makarantar firamare, inda yake sayar da alewa da cingam da katunan nan masu hotunan 'yan ƙwallo, waɗanda yara ke tarawa suna musaya a tsakaninsu, wannan ya ba da Messi biyu don ya sami Ahmed Musa ɗaya. Laifinsa shi ne, ƙunshin da kowa ke sayarwa naira 50 shi ya sayar naira 40. Manyan layin suka taru, suka ce ya karya farashi, suka ci shi tara, suka kuma gargaɗe shi cewa in ya ƙara to a bakin farantinsa. Da na ba wani abokina mutumin Kibiya labari, sai ya yi dariya, ya ce ai su ma haka ake yi a wajensu.

Na ja yaron gefe na tambaye shi dalili. Ashe kayan bashi ne. Wani dila ne ke saro su daga Kano, ya raba wa yara, da sharaɗin a kawo masa kuɗinsa ran Juma'a ko an sayar ko ba a sayar ba. Kati kuwa ba gero ba ne da za a zuba a rumbu a jira bazara. Ranar da ɗan wasa ya sauya ƙungiya, ko aka kawo sabon bugu, tsohon ya zama takardar ƙunsa ƙuli-ƙuli. Watau yaron nan daga ribarsa ya yanki naira goma don kada Juma'a ta riske shi hannu wofi. To, ga abin takaicin: shi wannan dila, ran kasuwa yakan kafa nasa tebur, ya sa yaransa su sayar a ƙasa da yadda ya ba masu faranti sari, har sai ya kwashe masu saye kaf. Wa ya taɓa cin sa tara? Waɗanda suka zare wa yaro ido su ne ke durƙusawa suna ce masa, "Alhaji, Allah ya ƙara buɗi."

Masu wannan hukunci suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Sukan ce in aka bar kowa ya rage yadda ya ga dama, yau wannan ya rage goma, gobe wancan ya rage ashirin, jibi kowa ya tashi ba uwa ba riba. Gaskiya ne. Har akwai wani dattijo da ya kafa mini hujja da labarin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda Sayyidina Umar ya tarar da Haɗibu ɗan Abu Balta'a yana sayar da busasshen inabi, ya umurce shi ko dai ya ƙara farashi ko ya bar kasuwar. Na ce masa, Baba, da za ka ƙarasa labarin da ya fi, domin ta hanyar Imamu Shafi'i an ruwaito cewa Umar ya sake tunani, ya je har gida ya sami mutumin, ya janye maganarsa, ya bar shi ya sayar yadda yake so. Malamai sun daɗe suna tattauna wannan mas'ala, kuma abin da suke gudu shi ne cutar da jama'ar kasuwa. Ina cutar da yaro mai faranti ɗaya zai yi wa kasuwa, in an gwada shi da mai mota cike da kaya?

Bilhasali ma, farashin kati ba a ƙofar makaranta ake yanka shi ba. Mai injin bugawa ne ke da wuƙa da nama, domin shi ke ƙayyade wane hoto zai yawaita, wane zai yi wuya. Kamfanin Panini, wanda wasu 'yan'uwa suka kafa a Modena ta ƙasar Italiya a 1961, tun gasar cin kofin duniya ta 1970 yake buga hotunan 'yan wasan wannan gasa, kuma littafinsa na gasar 2022 yana da gurbi 670 da ake son yaro ya cike, alhali yana sayen ƙunshi a rufe bai san abin da ke ciki ba. A Amurka, katin ɗan wasa Mickey Mantle na 1952 an sayar da shi dala miliyan 12.6 a 2022, saboda ire-irensa masu kyau sun yi ƙaranci. Amma a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, da kamfanonin can suka ga kasuwa ta buɗe, sai suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa, har akasarin katunan wancan zamani suka zama ba su da wata daraja, masu ƙananan kantuna da yawa suka rufe. Su ma a lokacin ƙila junansu suke zargi.

Kada mu tafi nesa. Wanda ya yi wayo lokacin da wayar salula ta shigo a 2001 ya san masu laima a bakin titi, masu sayar da katin waya, waɗanda ribarsu a kan katin naira 100 ba ta wuce 'yan nairori ba. Sun yi faɗa da juna a kan naira biyar kamar za su ci naman juna. Da Glo ta zo a 2003 da lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa, ta tilasta wa sauran kamfanoni saukowa, ƙasa duka ta yi tafi, ba wanda ya kira wannan karya farashi. Daga baya bankuna suka sa sayen kati a cikin wayar kowa, laimomi suka yi ta naɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ashe wanda ya rage naira biyar ba shi ya kashe sana'ar ba.

Doka ma ba ta tare da masu cin tara. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana 'yan kasuwa haɗa baki su ƙayyade farashi, kuma da ita hukumar FCCPC ta ja kunnen ƙungiyar masu POS a 2023 lokacin da suka so tsayar da kuɗin cirewa bai ɗaya. Wannan doka dai ta hana wanda ya mamaye kasuwa sayarwa ƙasa da yadda kaya suka tsaya masa don ya kashe na ƙasa da shi. Sai dai wace rana jami'in Abuja zai biyo hanyar Bunkure ya zo ƙofar firamare a Rano?

Saboda haka maganata da ku ce, ɗalibai da ƙananan ma'aikata, musamman 'yan Rano da Kibiya. Mu da muke haddace darasin tattalin arziki don jarrabawa, mu ne kuma muke tsayawa a gaban farantin yaro muna taya kayan naira 50 a naira 30, ko mu karɓa bashi sai ƙarshen wata. A tarihin Hausa Bakwai, Rano da Kano ake kira sarakunan baba, garin da ya san rini da fatauci tun kaka da kakanni. Abin kunya ne a ce a irin wannan gari yara ashirin masu faranti ba su da wanda zai zauna da su da biro da takarda, ya nuna musu cewa in kowa ya zuba adashin naira 500 a mako, a wata guda sun tara naira 40,000, ɗayansu ya hau mota ya je kasuwar Sabon Gari ya yo sari da kansa, kowa ya sayar yadda ya ga zai fita, ba mai jiransa da littafin bashi ran Juma'a.

Na kai wannan shawara gaban manyan layin kafin in dawo makaranta. Suka saurare ni da kyau, suka sa mini albarka, sannan babbansu ya ce za su fara sanar da Alhaji tukuna. Tarar kuwa ni na biya ta, daga kuɗin motata.