Gorbachev ya yi gyara a Mosko, sojan Najeriya ya biya kuɗin a Laberiya

Duk wanda ke zama teburin mai shayi a Karaye ko Rogo ya sha jin ana yabon Rasha, musamman tun da sojojin Nijar suka sallami Amurka daga Agadez a 2024. Kafin mu tafa, mu tuna abin da ya same mu lokacin da siyasar Mosko ta juya.

Mikhail Gorbachev ya karɓi ragamar Tarayyar Sobiyet a 1985, ya sassauta mulki. A Disamban 1987 shi da Ronald Reagan suka sa hannu kan kawar da makamai masu linzami masu matsakaicin zango. Shekara guda bayan nan ya sanar da rage sojoji 500,000. Janar-janar na Amurka da suka shafe shekara 40 suna shirin gwabzawa a Turai sai suka ga abokin gaba yana naɗe tabarmarsa. Colin Powell ya tsara rage rundunar Amurka da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

To ina ruwanmu? Tsoron Sobiyet ne ya sa Amurka ta rungumi Samuel Doe na Laberiya. Da tsoron ya gushe, Doe ya zama kayan nauyi. Charles Taylor ya fara tawaye a Disamban 1989. Sojojin Amurka suka zo a Agustan 1990, suka kwashe mutanensu, suka zuba wa yaƙin ido. Najeriyar Babangida ce ta ɗauki kayan ta hanyar ECOMOG. A 1999 Obasanjo ya ce Laberiya da Saliyo sun lashe mana dala biliyan 8, ban da ɗaruruwan sojojin da ba su dawo gida ba.

Yau ma fadar Kremlin ba dutse ba ce. Yevgeny Prigozhin ya yi bore a Yunin 2023, wata biyu bayan nan ya mutu a haɗarin jirgi, ma'aikatar tsaron Rasha ta fara karɓe ayyukan Wagner a Afirka. Idan gobe wani shugaba ya hau a Mosko ya ce Sahel asara ce, wa zai cike giɓin?

Nan hedikwatar tsaro a Abuja ya kamata ta zauna da Yamai tun yanzu, duk da tsamin da ke tsakani. Bindigar da ta tsallako daga Maradi a Katsina take sauka, Rogo kuwa iyaka ɗaya ce tsakaninta da Katsina.