Yaron Da Bai Iya Cewa A'a Ba

Iyaye da malaman ikilisiya da yawa suna auna kirkin yaro da abu guda: in an ce yi ya yi, in an ce bari ya bari. Mugu kuwa, a ganinsu, haka aka haife shi, hali zanen dutse. Wannan koyarwa kuskure ce, ta kuwa ci rayuka.

Erich Fromm, Bayahuden Jamus, masanin halin ɗan Adam wanda ya bi sawun Sigmund Freud, ya koma Amurka bayan Hitler ya hau mulki a 1933. A littafinsa na 1941 ya bincika abin da ya sa miliyoyin magidanta suka bi azzalumi. Ya ga cewa tsayawa shi kaɗai yana yi wa mutum nauyi ƙwarai. Sai ya miƙa wuya ga na sama, ya danne na ƙasa, ya saje da jama'a don hankalinsa ya kwanta. Ba daga ciki ake zuwa da wannan hali ba, gida da gari ne suke gina shi.

Wani zai ce Fromm ba Kirista ba ne. Gaskiya ne, kuma ya yi kuskure da ya sa begensa ga mutum, gama zunubi ya fi ƙarfin nazari. Amma abin da ya gani yana cikin Littafi Mai Tsarki tun tuni. Haruna ya ƙera ɗan maraƙin zinariya domin jama'a sun matsa masa. Bilatus ya san Yesu ba shi da laifi, duk da haka ya bi muryar taro.

A Ruwanda a 1994, ƙasar da yawancin mutanenta Kirista ne, an kashe wajen mutum 800,000 cikin kwana 100, waɗansu a cikin majami'u kamar na Ntarama da Nyarubuye. Masu adda da yawa maƙwabta ne da aka yi wa baftisma. Hukuma da rediyo suka ce yi, suka yi.

Girmama iyaye umarnin Allah ne, ba mai musu. Amma ungozomomin nan, Shifra da Fu'a, sun ƙi umarnin Fir'auna na kashe jarirai, Allah kuwa ya sa musu albarka. Ikilisiyar da ta koya wa yaro durƙusawa, ba ta koya masa ranar da zai ce a'a ba, ta tanadar wa azzalumi ma'aikaci.